Ciwon ƙodar ɗana ya dawo karo na huɗu cikin shekara guda: wane magani ya kamata a ƙara masa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar likitocin wannan zaure da iyayen da suka riga ni shiga wannan hali. Ɗana Sadiq shekararsa shida, kuma tun yana da shekara huɗu aka tabbatar mana yana da ciwon ƙodar nan mai zubar da furotin cikin fitsari, wanda likitoci suke kira nefrotik. Da kumburin fatar ido ya fara, muka ɗauka barci ne ya yi masa yawa, sai ƙafafu da ciki suka biyo baya, fitsarinsa kuma ya riƙa kumfa kamar an zuba sabulu. An ɗora shi a kan ƙwayoyin firednisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki, cikin kwana goma fitsarin ya washe. Abin da ya dame mu shi ne, daga azumin bara zuwa yau ciwon ya dawo har sau huɗu, kowane karo kuma sai an koma kan ƙwayoyin nan. Yanzu kumatunsa sun cika, ga ci ba ƙoshi, ga saurin fushi, ƙaninsa kuma ya kusa kamo shi a tsawo. Likitarmu ta ce lokaci ya yi da za a ƙara magani na biyu, ta ambaci lebamisol da saiklofosfamid, ta ce mu je mu yi nazari kafin ranar komawa asibiti. Yayan mahaifinsa da ke zaune a Ingila kuma ya ce mu bar duka biyun mu nemi rituksimab, wanda ake ƙarawa ta jijiya, domin shi ne na zamani. Kaina ya kulle, ku taimaka mini.

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Allah Ya ba shi lafiya. Kafin a ambaci sunan kowane magani akwai tambayar da amsarta take raba hanya. Duk lokacin da ciwon ya dawo, yana cikin shan firednisolon ne ana rage masa, ko kuwa ya riga ya daina? Idan ya daina, kwana nawa ake yi kafin furotin ya sake bayyana? Dalilin tambayar shi ne, muna raba yaran nan gida biyu. Akwai mai yawan dawowa, wato wanda ciwonsa ya dawo sau biyu ko fiye cikin wata shida na farko, ko sau huɗu cikin shekara, kodayake ƙungiyar likitocin ƙodar yara ta duniya ta saukar da adadin zuwa sau uku a jagorarta ta 2022. Akwai kuma wanda ya dogara da maganin, wato wanda sau biyu a jere ciwonsa ya dawo tun ana cikin rage ƙwayar ko cikin kwana 14 da dainawa. Na biyun ya fi wuyar sha'ani, kuma maganin da zai ishi na farko ba lallai ya riƙe shi ba.

Maman Sadiq:
Dokta, ina da littafin da nake rubuta gwajin fitsarinsa kowace safiya. Na duba yanzu. Duka karo huɗun bayan ya gama shan maganin ne: na farko bayan mako bakwai, na biyu bayan mako shida, na uku bayan wata biyu, na huɗu bayan mako biyar. Uku daga ciki sun zo ne a bayan mura. Nauyinsa kilo 21, hawan jininsa daidai yake, gwajin aikin ƙoda ma an ce lafiya lau.

Likitan Yara:
Madalla da wannan littafi, ya fi rabin gwaje-gwajen da muke aikawa a yi amfani. Bisa abin da kika faɗa, Sadiq mai yawan dawowa ne, bai kai ga dogaro ba, kuma har yanzu yana jin firednisolon, wanda shi ne babban albishir a wannan ciwo, domin yaron da yake jin maganin da wuya ƙodarsa ta kai ga lalacewa, kuma da yawansu ciwon yana lafawa wajen lokacin balaga. Saboda haka abin da ake yaƙa yanzu shi ne illar yawan shan firednisolon: tsayawar girma, raunin ƙashi, yanar ido, hawan jini, da saurin kamuwa da cututtuka. Da ni ne nake ganinsa, da lebamisol zan fara. Ana bayar da miligiram 2.5 ga kowane kilo na nauyin yaro, rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta, har tsawon shekara ɗaya zuwa biyu. Babbar illarsa ita ce raguwar fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake auna jini lokaci zuwa lokaci, kuma idan aka daina shi jinin yakan koma yadda yake. Na ambaci awon ne domin ki fahimci abin da likitarki za ta rubuta, ba domin wani ya auna wa ɗansa a gida ba.

Abban Walida:
Dokta, da girmamawa, ni ina da ja a kan wannan. 'Yata ta sha lebamisol wata takwas, ciwon ya dawo sau biyu tana kan sha, muka yi asarar lokaci, ta ƙara shan firednisolon ɗin da ake gudu. Da aka juya zuwa saiklofosfamid, mako goma sha biyu kacal ta yi tana sha, yau shekara uku ke nan ba mu ga kumburi ba, ba ta shan komai. Ga mai zama nesa da asibitin koyarwa kamar mu, maganin wata uku a gama ya fi maganin shekara biyu da kullum ake fargabar yankewarsa a kasuwa. Me zai sa a jinkirta abin da yake aiki?

Likitan Yara:
Abban Walida, hujjarka tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne saiklofosfamid yana cikin 'yan magungunan da suke iya barin yaro ya yi shekaru ba ya shan komai. Amma ina so mu dubi farashinsa, ba na kuɗi ba. Asalinsa maganin ciwon daji ne. Yana karya fararen ƙwayoyin jini fiye da lebamisol nesa ba kusa ba, don haka a cikin makonnin nan goma sha biyu sai an riƙa auna jini kusan kowane mako ko mako biyu, kuma idan ƙyanda ko ƙarambau suka sami yaro a wannan tsakani abin yana iya zama na rai da mutuwa. Yana iya zubar da gashi, yana iya ƙona mafitsara har a ga jini a fitsari, shi ya sa ake sha da safe tare da ruwa mai yawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haihuwa, musamman ga ɗa namiji. Saboda wannan ne aka ƙayyade cewa jimillar abin da yaro zai sha kada ta wuce miligiram 168 ga kowane kilo, wato miligiram 2 kullum har kwana 84, kuma ba a son maimaita shi karo na biyu. A wannan awo haɗarin kaɗan ne, amma harsashi ne guda ɗaya tak. Ina ganin bai kamata a harba shi a kan yaron da ba a gwada masa abin da ya fi sauƙi ba. Ina kuma zaton Walida ta dogara da maganin ne a lokacin, ko ba haka ba?

Abban Walida:
Haka ne, da zarar an sauko da ita zuwa rabin awo sai fitsarin ya fara kumfa. Na yarda halinsu ba ɗaya ba ne. Sai dai har yanzu ina ganin ana yawan tsorata iyaye da maganar haihuwa, alhali ba a tsorata su da abin da shekara uku ta firednisolon take yi wa ƙashin yaro.

Dokta daga Birtaniya:
Na karanta duka bayanan, kuma ina so in kare maganar yayan mahaifin yaron, domin ba daga iska ya ɗauko ta ba. Rituksimab yana share wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, ana ƙara shi ta jijiya sau ɗaya ko biyu, wani lokaci har huɗu, yaro ya tashi ya tafi makaranta ba tare da ƙwayar kullum ba. An gwada shi a Japan aka buga sakamakon a 2014, sannan a Indiya aka kwatanta shi da wani maganin danne garkuwar jiki mai suna takrolimus a kan yara 120 masu dogaro da firednisolon, aka buga a 2018: kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ba rituksimab sun cika shekara ciwon bai dawo ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 63 ne. Indiya ba Turai ba ce, yanayinsu ya fi kusa da namu. Ban ga dalilin da zai sa yaranmu su tsaya a kan magungunan da aka gano tun kafin a haife mu ba, idan iyali suna da halin saye.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Ranka ya daɗe, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma ka lura da kalmar da kai kanka ka faɗa, masu dogaro da firednisolon. Sadiq ba ya cikinsu. Sannan bari in faɗi abin da nake gani a bayan kanta. Rituksimab dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga kamfani har zuwa jijiyar yaro, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Idan aka saya a hannun wanda ba a san yadda ya ajiye shi ba, ana iya biyan dukiya a kan ruwan da ƙarfinsa ya riga ya tafi. Na biyu, yana tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta a jiki, har hanta ta gaza, mu kuwa muna yankin da wannan ciwo ya yi yawa, kuma sai a 2004 aka shigar da rigakafinsa cikin alluran yara na yau da kullum a Najeriya, har yau ma ba kowane jariri ne yake samun allurar ranar haihuwa ba. Dole a yi gwajin hanta da na tarin fuka da na HIV kafin a fara. Na uku, yana iya rage sinadaran garkuwar jiki na tsawon lokaci, musamman ga ƙananan yara, kuma abin da ake cike giɓin da shi ya fi shi kansa wahalar samu. Na huɗu, ba warkewa ba ce. Bayan wasu watanni ƙwayoyin B suna dawowa, yara da yawa ciwonsu yana biyo su, sai a sake ƙarawa ko a ɗora wani magani a kai. Wanda ya sayar da gona domin kwalba ɗaya yana zaton an gama, me zai sayar a karo na biyu?

Dokta daga Birtaniya:
Na karɓi maganar sanyi da ta hanta. Abin da ban karɓa ba shi ne a mayar da wahalar wurinmu ta zama dalilin rufe ƙofa gaba ɗaya. Akwai yaran da duk sauran magungunan suka gaza a kansu, waɗannan rituksimab ne yake ceto su daga illar firednisolon, kuma ana bayar da shi a manyan asibitocin koyarwa. Amma ga Sadiq, na yarda ba nan za a fara ba. Ko a nan inda nake aiki ba da shi ake fara wa irinsa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Tunda an ambaci takrolimus, bari in ba da labarinmu domin wani ya amfana. An ɗora ɗana a kansa, ya yi aiki ƙwarai, wata bakwai ba kumburi. Amma ba a faɗa mana tun farko cewa sai an riƙa auna yawansa a cikin jini ba, kuma a garinmu babu inda ake wannan gwaji, sai an aika jinin wani gari a jira. Daga baya kuɗi ya gaza, muka yi kwana tara babu magani, ciwon ya dawo fiye da yadda yake a da, har aka kwantar da mu. Ba na zargin maganin, ina zargin rashin zama a yi mana lissafin shekara biyu kafin a fara.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Wannan shi ne lissafin da ya kamata kowane iyali su yi. Takrolimus da ɗan'uwansa saiklosforin suna da ƙarfi, amma tazarar da ke tsakanin awon da yake aiki da awon da yake cutar da ƙodar kanta ƙanƙanuwa ce, kuma yawancin yara ciwon yana dawo musu idan aka daina. Saiklosforin yana kumbura dasashi yana fito da gashi a fuska da jiki, abin da yake sa 'yan mata su riƙa ɓoye ƙwayar su ƙi sha; takrolimus kuma yana iya jawo ciwon sukari da rawar hannu. Akwai kuma wani maganin, maikofenolet, shi ne na tsakiya: ba ya cutar da ƙoda, ana sha sau biyu a rana, illarsa ta fi yawa a ciki, wato gudawa da murɗa, sai dai yana da tsada kuma yana lahanta ɗan tayi, don haka sai an yi hattara da shi ga budurwar da ta kusa aure. Abin sha'awa, a birnin Delhi an kwatanta shi da lebamisol a kan yara 149, aka buga a 2019, kuma bai nuna fifiko a kan lebamisol ba, duk da bambancin kuɗinsu.

Malam Na Rugga:
Ku gafarce ni, ni makiyayi ne ba ma'aikacin lafiya ba. Wannan lebamisol da kuke faɗa, ba shi ne maganin tsutsar da muke ba tumaki da shanu ba? Idan shi ne, ai yana nan cike a shagunan magungunan dabbobi, da araha.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Malam, sinadarin ɗaya ne, kuma ka kyauta da ka yi tambayar a fili. Asalinsa maganin tsutsar ciki ne, daga baya aka lura yana daidaita garkuwar jiki. Amma don Allah kada kowa ya ba yaro na dabbobi. Ƙarfinsa daban ne, sau da yawa an gauraya shi da wasu magungunan, kuma ba a tace shi domin ɗan'adam ba. Na mutane ake nema, mai lambar NAFDAC, da takardar likita. Maman Sadiq, idan aka tsaya a kansa, ki tabbatar da inda za ki riƙa samunsa na aƙalla wata uku a gaba kafin ya sha ƙwayar farko, domin yakan ɓace daga kantuna.

Tsohuwar Malamar Jinya:
'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna zamanin da muka fara aiki. A lokacin abin da ake koya mana shi ne yaran Afirka ba sa jin firednisolon. Wannan ya samo asali ne daga binciken da Gilles da Hendrickse suka yi a Ibadan suka buga a 1963, inda suka danganta ciwon da wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai dawowa bayan kwana uku-uku, kuma waɗannan yara da gaske ba sa jin maganin. Yanzu abin ya sauya, yaran da suke jin sa sun ƙaru sosai a asibitocinmu. Duk da haka ina jan hankalin iyaye kada su ɗauki shawarar da aka ba Sadiq su ɗora wa kowane yaro mai kumburi. Wanda ya yi mako huɗu zuwa shida yana shan cikakken awo kullum furotin bai tsaya ba, wannan wani babi ne daban, yana buƙatar a ɗebo ɗan ƙanƙanin naman ƙoda a duba. Haka mai sikila, da mai ciwon hanta, da wanda fitsarinsa yake da jini ko jininsa ya hau.

Likitan Yara:
Mama ta faɗi gaskiya, kuma akwai ƙarin dalili. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka fi yawa a Afirka ta Yamma, ana ganin sun yaɗu ne domin suna ba da kariya daga ciwon barci, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba haɗarin samun tabo a matatar ƙodarsa ya fi yawa. Ga irin waɗannan yara da ba sa jin firednisolon, takrolimus ko saiklosforin ne zaɓin farko, lebamisol ba shi da gurbi a wurin.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, yanzu na fara ganin hanya. Saura tambaya ɗaya. Tunda mura ce take tayar masa da ciwon, wata mata a layin asibiti ta ce likitansu yana sa su ba ɗansu ƙaramin awon firednisolon kullum na kwana biyar zuwa bakwai da zarar mura ta kama shi. Shin in nemi a yi mana haka?

Dokta daga Birtaniya:
A nan an gwada wannan dabara a kan yara 365, aka buga sakamakon a 2022, kuma ba a ga ta rage dawowar ciwon ba. Saboda haka mu mun rage yin ta.

Likitan Yara:
Amma binciken da aka yi kafin wannan a Saudiyya da Siri Lanka da Indiya sun nuna amfani, galibi ga yaran da dama suna kan ƙaramin awo na rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta. Ni ina yin ta ga wanda littafinsa ya nuna a fili cewa mura ce take tayar masa, kuma yana kan maganin dama. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da ita izinin sayen firednisolon a kemis duk lokacin da yaro ya yi atishawa, ko a ɗauki zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu a matsayin mura. Ki kai wa likitarki littafin ta yanke. Kuma duk wanda aka zaɓa, kada a ba shi ibufurofen ko daiklofenak, farasitamol ya isa. Kada a ba shi maganin sa fitsari ba da umarni ba, domin yana iya kafe jini a jijiya. Jiƙo da sassaƙe kuma a ajiye su, tunda ba mu san abin da suke yi wa ƙodar da take fama ba. Idan yana cikin kumburi ya yi zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Mun koma asibiti jiya tare da mahaifinsa, na kai littafin. Likitar ta ce ita ma lebamisol ta fi karkata a kai, ta so ne mu san akwai ɗayan. An ɗebi jininsa domin ƙirga ƙwayoyin jini da duba hanta, an auna tsawonsa an rubuta, an kuma tura mu wurin likitan ido. Zai fara idan sakamako ya fito, za a ci gaba da rage firednisolon a hankali, kuma ta ce idan ciwon ya dawo sau biyu yana kan sha za mu zauna a kan maikofenolet ko saiklofosfamid. Mun sami kantin da ya yi alkawarin ajiye mana na wata uku. Sai dai yau da safe malamarsu ta aiko cewa ƙarambau ya fito wa yara biyu a ajinsu, shi kuma bai taɓa yi ba, ba a kuma yi masa rigakafinsa ba.

Likitan Yara:
Ki kira likitarsa yau ɗin nan, kada ki jira ranar asibiti, ki faɗa mata ranar ƙarshe da ya zauna aji ɗaya da yaran da kuma awon firednisolon da yake sha yanzu. Akwai maganin asaiklobir da ake ba irinsa domin kariya, kuma lokacin fara shi yana da ƙa'ida, ita za ta ƙirga kwanakin. Kada a yi masa allurar rigakafin ƙarambau yanzu, domin tana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai da aka raunana, sai ya sauka daga babban awo da aƙalla wata guda. Ya zauna a gida tukuna, ki riƙa duba bayansa da cikinsa da fatar kansa safe da yamma, kuma ko ƙurji ɗaya kika gani ku tafi asibiti.